William Piper: Mutumin Da Ya Mai Da Masaƙa Masana'antar Jiragen Sama

Da yawa daga cikin dattawanmu na ikilisiya suna iya tuna ranar da suka fara ganin jirgin sama a kusa. Ba a babban filin jirgi na Kano suka gan shi ba. A bayan gari ne, a wani fili da mutanen ƙauye suka share da fartanya da adda, suka tone kututture, suka rushe suri. Sai ga ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya kewayo don a kore awaki, ya sauka cikin ƙura. A fito da likita ko akwatin magani, ko kuwa a shigar da mara lafiya a nufi asibiti da shi. Jiragen mishan irin na SIMAIR sun daɗe suna wannan hidima tsakanin Jos da tashoshin karkara.

Da muka zauna zaɓen mutumin da za mu kawo tarihinsa a wannan shekara, sai muka tambayi kanmu, wa ya sa ƙaramin jirgi ya yi arahar da har ƙungiyar mishan za ta iya sayensa? Mutane da dama sun sa hannu a wannan aiki, amma sunan da ya fi fitowa fili shi ne William Thomas Piper, mutumin Amurka. Shi ba fasto ba ne, ba kuma ɗan mishan ba ne. Ɗan kasuwa ne. Duk da haka akwai abin koyi a rayuwarsa, musamman ga 'yan'uwanmu da ke shirin barin wannan makaranta.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi William Piper ran 8 ga Janairu, 1881, a wani ƙauye mai suna Knapp Creek a jihar New York, kusa da iyakar jihar Pensilbaniya. Mahaifinsa yana kiwon shanun madara, yana kuma taɓa harkar haƙar man fetur, domin a wannan yanki ne aka fara haƙa rijiyar mai a Amurka, a garin Titusville cikin 1859. Garin Bradford, inda Piper ya yi yawancin rayuwarsa ta farko, yana cikin manyan wuraren haƙar mai na wancan zamani. Saboda haka yaron ya tashi ya san tatsar saniya da asuba, ya kuma san gyaran famfon rijiyar mai.

Yana ɗan shekara 17 ya shiga soja a lokacin yaƙin da aka yi tsakanin Amurka da Sifen cikin 1898. Da aka gama yaƙin ya tafi Jami'ar Harvard, ya sauke karatu a 1903. Daga nan ya yi shekaru yana aikin gine-gine. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake sa kaki, ya yi aiki a rundunar injiniyoyin soja. Bayan yaƙi ya ci gaba da sana'ar mai a Bradford, yana riƙe da iyalinsa cikin rufin asiri.

Mu lura da abu guda. Har Piper ya kai shekara 48 babu abin da ya haɗa shi da jirgin sama. Bai iya tuƙi ba, bai taɓa zana jirgi ba. Mutanen garinsu sun san shi ne da rijiyoyin mai. A irin wannan shekaru yawancin mutane sun fara tunanin ranar da za su ajiye aiki.

Yadda ya shiga harkar jirgi

A garin Rochester akwai wasu 'yan'uwa biyu, Gilbert Taylor da Gordon Taylor, masu ƙera wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da suka sa wa suna Chummy. A 1928 Gordon ya rasu a hatsarin jirgi, ya bar Gilbert shi kaɗai. A daidai lokacin manyan garin Bradford suna neman wata sana'a da za ta riƙe garinsu, domin sun san rijiyar mai ba ta dawwama. Suka tara dala 50,000 suka jawo Taylor ya kawo kamfaninsa garinsu, aka gina masa masana'anta a gefen ƙaramin filin jirgin garin. Piper ya sa dala 400 a cikin kamfanin a 1929, aka kuma sa shi cikin masu kula da shi.

Ba a daɗe ba sai masifa ta auku. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, bankuna suka yi ta rufewa, miliyoyin mutane suka rasa aikin yi. Kuɗin Chummy guda ya kusa dala 4,000. Wa zai sayi jirgi alhali gidansa babu abinci? Cikin 1930 kamfanin ya karye. Da aka sa kayansa a kasuwa, Piper ya saye su duka a kan dala 761, ya bar Taylor a matsayin shugaba, shi kuma ya riƙe ma'aji.

Tun kafin wannan lokaci Piper yana da ra'ayi ɗaya da ya riƙe ƙam. A ganinsa masu ƙera jirage suna yi wa attajirai aiki ne, ga tsada ga wuyar tuƙi. Abin da ake bukata shi ne jirgi mai sauƙi, mara tsada, wanda makarantar koyon tuƙi a ƙaramin gari za ta iya saya, ta koyar da mutane a kan kuɗi kaɗan, ta kuma ci riba. In mutane suka koyi tuƙi da yawa, masu sayen jirgi za su yawaita. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, ba na injiniya ba, kuma shi ne gudummawar Piper ta ainihi.

Haihuwar jirgin Cub

Taylor ya zauna ya zana jirgin da Piper yake so. A watan Satumba na 1930 aka fito da shi don gwaji. Injin da aka sa masa, mai suna Tiger Kitten, ƙarfin doki 20 kawai gare shi. Jirgin ya yi gudu a fili, ya ɗan ɗaga sama kaɗan, ya dawo ƙasa. Ƙarfin injin bai isa ba. Amma daga sunan wannan inji, wanda ke nufin ɗan damisa, jirgin ya sami nasa suna, wato Cub, kalmar da Turawa ke kiran jaririn naman daji da ita. Daga baya aka riƙa zana hoton ɗan beyar a wutsiyarsa.

Da kamfanin Continental ya fito da inji mai ƙarfin doki 37, sai matsalar ta warware. A 1931 aka fara sayar da Cub a kan dala 1,325. A wannan shekara ce kuma Piper, yana da shekara 50, ya zauna a kujerar ɗalibi ya koyi tuƙin jirgi. Bayan haka ya kan tuƙa Cub da kansa zuwa garuruwa yana nuna wa mutane. Hujjarsa a fili take: in dattijo mai furfura ya koya, saurayi ba shi da uzuri.

Yana da kyau mu bayyana yadda ake ƙera wannan jirgi, domin 'yan ajin kimiyya da na koyon sana'a su ga cewa babu tsafi a ciki. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne sirara da aka haɗa da walda. Ƙashin bayan fukafukansa katako ne mai ƙarfi mara nauyi. A kan wannan ƙwarangwal ake shimfiɗa yadin auduga, a ɗinke shi, a shafe shi da wani irin fenti mai sa yadi ya ɗame kamar fatar ganga, ruwa kuma ba ya ratsa shi. Kujeru biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ana tayar da injin ta hanyar juya farfela da hannu. Ma'aunin mai kuwa wata 'yar waya ce da aka soke a jikin toto mai yawo a kan man, ta leƙo ta murfin tanki a gaban matuƙi. In waya ta yi ƙasa, mai ya kusa ƙarewa. Saboda rashin nauyinsa da faɗin fukafukansa, jirgin yana iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba, shi ya sa ɗan gajeren fili ya ishe shi sauka da tashi.

Saɓani tsakanin abokai

Ba za mu ɓoye abin da bai yi daɗi ba. Piper da Taylor ba su jitu ba. Taylor gwanin zane ne mai kishin aikinsa, Piper kuwa idonsa yana kan abin da kasuwa ke so. Akwai wani saurayi injiniya mai suna Walter Jamouneau da aka ɗauka aiki. A lokacin da Taylor yake kwance ba shi da lafiya, Piper ya ba saurayin izinin gyara siffar jirgin. Ya zagaye bakin fukafukai da wutsiya, ya yi wasu gyare-gyare, aka sami sabon samfuri mai suna J-2. Da Taylor ya dawo ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kori yaron. Piper ya mai da shi bakin aiki. Daga nan zama ya gagara. A ƙarshen 1935 Piper ya sayi rabon Taylor, suka rabu.

Wannan ya tuna mana da Bulus da Barnaba, waɗanda suka rabu a kan saurayi Markus, kamar yadda muka karanta a Ayyukan Manzanni sura 15. Kowane ya kama hanyarsa, aikin kuma ya ci gaba ta fuska biyu. Taylor ya je ya kafa kamfanin Taylorcraft a garin Alliance na jihar Ohio, ya ƙera jirage masu kyau. Jamouneau kuwa ya zauna ya zama babban injiniyan kamfanin Piper na shekaru masu yawa. Amma gaskiya ita ce, jirgin da duniya ta sani da sunan Piper, hannun Taylor ne ya fara zana shi. Wanda zai ba da labarin ya kamata ya ba kowa haƙƙinsa.

Gobara da ƙaura

Ran 16 ga Maris, 1937, wuta ta kama masana'antar Bradford. Fentin da ake shafa wa yadin jirgi abu ne mai saurin kama wuta, ga katako, ga auduga. Kafin a shawo kanta ginin ya zama toka. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da kasuwa ta fara buɗewa, masu saye suna jiran jiragensu. Piper yana da shekara 56. Ba wanda zai zarge shi da ya tattara ya koma ga rijiyoyinsa na mai.

Bai koma ba. Ma'aikata suka tsince abin da wuta ta bari, suka ci gaba da haɗa jirage a rumfar filin jirgi da duk inda aka sami wuri a garin. Shi kuma ya shiga neman inda za a kafa sabuwar masana'anta. Gina sabuwa tun daga tushe yana bukatar kuɗi da lokaci, ba shi da ko ɗaya. Sai aka nuna masa wata tsohuwar masaƙar siliki da aka daina aiki da ita a garin Lock Haven, a cikin jihar Pensilbaniya, a bakin kogin Susquehanna.

Me ya sa ya zaɓi wannan wuri? Dalilan suna da amfani ga duk mai tunanin kafa masana'anta. Na farko, ginin yana tsaye, babba ne, ya fi na Bradford girma nesa ba kusa ba, ana kuma sayar da shi da araha domin ba mai nema. Na biyu, yana dab da ƙaramin filin jirgin garin. Jirgi ba kamar buhun masara ba ne da za a loda a mota. Dole a gwada kowane ɗaya a sama kafin a miƙa wa mai shi, hanya mafi sauƙi ta kai shi ga mai saye kuwa ita ce a tuƙa shi. Na uku, layin dogo ya ratsa garin, don haka injuna da bututun ƙarfe da katako za su iso ba wahala. Na huɗu, akwai mutane masu neman aiki. Ƙaramin filin jirgi kuma yana da wata fa'ida: babu cunkoson manyan jirage, mai gwaji zai tashi ya sauka sau nawa ya ga dama.

Cikin 'yan watanni aka kwashe kaya, ma'aikata da yawa suka bi kamfanin da iyalansu. Inda a da ake jin ƙarar injin saƙa sai aka koma jin ƙarar walda. A watan Nuwamba na 1937 aka canja sunan kamfanin zuwa Piper Aircraft Corporation. Abin mamaki shi ne, a wannan shekara ta gobara da ƙaura kamfanin ya ƙera jirage 687, fiye da kowace shekara da ta gabata. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da wuta ba ta ci ƙaramin ginin Bradford ba, da wataƙila kamfanin bai sami sararin da zai ɗauki aikin da ke tafe ba.

Jirgi mai ruwan ɗorawa

A 1938 aka shiga sayar da samfurin J-3, wanda ya fi duk sauran suna. Launinsa ruwan ɗorawa ne da baƙin layi mai siffar walƙiya a gefe. Da injin mai ƙarfin doki 65 yana tafiyar kimanin kilomita 120 a awa. Akwai lokacin da kuɗinsa ya sauka ƙasa da dala 1,000. Saboda yadda ya yi wa jirgin sama abin da Henry Ford ya yi wa mota, wato ya sauko da shi inda talaka zai iya kaiwa, sai mutane suka riƙa kamanta Piper da Ford. Ya kuma buɗe wa ma'aikatansa hanyar koyon tuƙi a kan dala 1 a awa, domin wanda ya san shi ma zai hau abin da ya ƙera ba ya yin aikin ganin ido.

A 1939 gwamnatin Amurka ta ga yaƙi yana matsowa, ta buɗe shirin koyar da farar hula tuƙin jirgi a kwalejoji. Mafi yawan waɗanda suka koya a wannan shiri a cikin Cub suka fara. Har da baƙar fatar Amurka a makarantar Tuskegee, a zamanin da ake cewa baƙin mutum ba zai iya tuƙa jirgi ba. A 1941 Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, ta ziyarci wurin, ta hau ƙaramin jirgi, malamin tuƙi baƙar fata mai suna Charles Alfred Anderson ya tashi da ita. Hoton wannan rana ya rufe bakin masu shakka da yawa.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, soja suka karɓi Cub, suka shafe shi da koren fenti, suka ƙara masa tagogi, suka kira shi L-4. Sojoji kuwa suka laƙaba masa suna fara, saboda yadda yake tsalle daga fili zuwa fili. Ba ya ɗauke da bindiga. Aikinsa leƙen inda abokan gaba suke, kai saƙo, da ɗaukar hafsoshi. Ya yi aiki a Arewacin Afirka tun daga 1942, da Italiya, da Faransa, da tsibiran tekun Pasifik. An ƙera wa soja fiye da 5,000. In aka haɗa da na farar hula, jiragen J-3 da aka ƙera zuwa 1947 sun kusa 20,000.

Faɗuwa ta biyu

Bayan yaƙi masu ƙera jirage suka yi zaton kowane sojan da ya koyi tuƙi zai sayi jirgi. Piper ma ya yi wannan zato. A 1946 kamfaninsa ya ƙera jirage fiye da 7,000, ya kuma buɗe wata masana'anta a Ponca City ta jihar Oklahoma. Amma sojojin da suka dawo gida aure da gida da mota suke nema. A 1947 kasuwa ta mutu, kaya suka yi kwantai, bashi ya hau kan kamfanin. Aka sallami ma'aikata da yawa, aka rufe masana'antar Oklahoma. Bankin da ke bin bashi ya turo wani mutum mai suna William Shriver ya karɓi ragamar kamfanin na ɗan lokaci.

Wannan babban ƙasƙanci ne ga mutumin da sunansa ke rubuce a bakin ƙofa. Piper ya haɗiye, ya ba da haɗin kai. Aka zana wani ɗan jirgi mai araha ƙwarai, Vagabond, daga ragowar kayan da ke jibge a sito. Da shi aka samu aka farfaɗo. A 1949 aka fito da Super Cub, mai inji mafi ƙarfi, wanda ya zama abokin masu aiki a daji da tsaunuka. A 1954 aka fito da Apache, jirgin kamfanin na farko mai inji biyu. Sai Comanche, da Pawnee mai feshin magani a gona.

A 1957 kamfanin ya sake yin abin da ya yi shekara 20 da suka wuce. Ya je wani ƙaramin gari mai suna Vero Beach a jihar Fulorida, inda akwai filin jirgi da sojan ruwa suka bari bayan yaƙi, ya kafa cibiyar zanen sababbin jirage. Can babu ƙanƙarar hunturu, ana iya gwajin jirgi duk shekara. Ɗansa Howard ne ya sa ido a kan wannan aiki. Daga baya aka gina cikakkiyar masana'anta a wurin, a 1961 kuma aka fara fitar da Cherokee, jirgi mai jikin goran ruwa wanda makarantun tuƙi na ƙasashe da dama suka rungume. An ƙera irinsa fiye da 30,000.

Jirgin Piper a filin bishara

A nan labarin ya zo kusa da mu. Bayan yaƙi wasu matuƙa masu bi suka kafa ƙungiyar MAF domin yi wa 'yan mishan hidima da jirgi. Ɗaya daga cikin matuƙanta shi ne Nate Saint, wanda ya yi aiki a dajin ƙasar Ikwado a Amurka ta Kudu. Jirginsa ƙirar Piper ne, mai ruwan ɗorawa, samfurin PA-14. Saint ya gano wata dabara: in jirgi yana kewayawa a wuri ɗaya da doguwar igiya a ɗaure, bokitin da ke ƙarshen igiyar yakan tsaya kusan cik a tsakiya, har mutumin da ke ƙasa ya iya cire abin da ke ciki. Da haka shi da abokansa suka riƙa aika kyautai ga kabilar Waorani, wadda ba ta yarda da baƙi.

A farkon Janairu na 1956 ya sauke jirgin a kan yashin kogin Curaray tare da Jim Elliot, da Ed McCully, da Pete Fleming, da Roger Youderian. Ran 8 ga Janairu aka kashe su biyar ɗin da masu. A wannan rana ce William Piper ya cika shekara 75 a duniya. A 1958 Rachel, 'yar'uwar Saint, da Elisabeth, matar Elliot, suka shiga suka zauna cikin wannan kabila, waɗansu daga cikin waɗanda suka yi kisan kuma suka ba da gaskiya. A 1994 aka tono ƙwarangwal ɗin jirgin daga cikin yashi. Masu walda da masu ɗinkin yadi na Lock Haven ba su san inda aikin hannunsu zai kai ba. Haka yake ga kowane ma'aikaci mai aminci.

Ƙarshen rayuwarsa

Piper ya ci gaba da zuwa aiki har cikin tsufansa, 'ya'yansa uku maza, William da Thomas da Howard, suna taimakonsa. A 1969 manyan kamfanoni biyu suka yi kokawar mallakar kamfanin, daga ƙarshe ya fita daga hannun iyalin. Ran 15 ga Janairu, 1970, William Piper ya rasu a Lock Haven yana da shekara 89.

Kogin da ke gefen masana'antar shi ma ya yi nasa. A watan Yuni na 1972 guguwar Agnes ta kawo ambaliya, ruwa ya shanye masana'antar, ya lalata jirage wajen 100 da kayan aiki, aka daina ƙera Comanche ke nan. A 1984 aka rufe masana'antar Lock Haven, aiki ya koma Fulorida. Garin da ya dogara ga kamfani ɗaya na shekara 47 ya sha wuya ƙwarai, kamar yadda ya sha lokacin da masaƙa ta rufe. Filin jirgin garin yana ɗauke da sunan Piper, an kuma mai da ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin gidan tarihi.

Abin da muka koya

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. A 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya. A tsohon filin jirgi na Kaduna kuma an haɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi masu suna Air Beetle domin sojan sama na Nijeriya cikin shekarun 1990. Ashe abin bai fi ƙarfinmu ba. Amma tarihin Piper ya nuna mana cewa fili da gini ba su ne masana'anta ba. Sai da masu walda da kafintoci da maɗinka waɗanda ba sa ha'inci, sai da kayan da mutane za su iya saya, sai kuma da shugaban da ba ya gudu ran da wuta ta tashi.

Ga 'yan aji shida masu fita, muna cewa kada wanda ya raina aikin hannu. Ɗinki ɗaya da aka yi da sakaci a fiffike yana iya zama ajalin mutum. Kada kuma wanda bai sami sakamakon da yake so ba ya ɗauka tasa ta ƙare. Piper ya fara aikin da aka san shi da shi yana da shekara 48, Musa kuwa yana da 80 lokacin da ya tsaya a gaban Fir'auna. Ga iyayenmu da malamanmu, muna roƙo su riƙa ba matasa dama kamar yadda aka ba Jamouneau, amma a yi shi ta hanyar da ba za ta raba zumunci ba. Ga shugabannin garuruwanmu kuma, abin da ya sami Lock Haven gargaɗi ne: garin da ya rataya abincinsa a ƙusa ɗaya, ran da ta cire kowa zai kwana da yunwa.

Nehemiya ya tarar da garun Urushalima a rushe, ƙofofinta wuta ta cinye. Ya yi kuka, ya yi addu'a, sa'an nan ya tashi ya duba abin da ya rage ya raba wa kowa aikinsa. Addu'armu ita ce Ubangiji ya ba kowane ɗalibin wannan makaranta irin wannan zuciya, ya kuma albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.